Robar da Na Yanka wa Famfon Motar Baba

Abin da zan faɗa a nan ya faru ne a Barnawa, kudu da kogin Kaduna, a tsakiyar shekarun 1980, cikin daminar da ta biyo bayan gama bautar ƙasata. Ya kamata in fara da bayyana inda na samo shi. Na farko, wani ƙaramin littafi mai bangon kwali da ya rage mini daga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, wanda na riƙa rubuta awo a cikinsa. Ranakun mako kawai na sa, ban sa kwanan wata ba, kuma akwai shafi ɗaya da fetur ya zube wa har tawadar ta baje. Na biyu, abin da yayata da mahaifiyata suka tuna, kuma ba a komai bakinsu ya zo ɗaya ba. Yayata ta ce ranar Laraba aka kai ta asibiti, katin haihuwa ya ce Talata, ni kuwa katin na bi. Na uku, tunanina ni kaina, wanda na san yakan gyara labari don ya rage mini kunya. Maganganun mutane da zan kawo, ma'anarsu na riƙe, kalmomin kuwa kusantowa ce. Farashin kaya ban rubuta ba, saboda haka ba zan ambaci adadi ba.

A lokacin mu huɗu ne a gida. Akwai Baba, wanda aka sallama daga aikin akawu a shekarar da ta gabata, cikin waɗanda aka rage. Akwai Inna, mahaifiyata. Akwai ni, mai digiri a kimiyya kuma marar aiki. Sai Yaya, wadda ta dawo gida da tsohon ciki don ta haihu a gabanmu. Cikinta na farko bai zo da rai ba. A garin mijinta naƙuda ta kama ta, aka yi ta neman mota daga hantsi har la'asar, kafin a isa asibiti abin da ke cikin ya riga ya koma. Saboda haka a wannan karon likitan da ke duba ta, a wani asibiti da ke can ƙetaren kogi, ya ja mata kunne cewa da ta ji alamar farko ta taho, kada ta jira komai. Ba mu da waya a gida. Tasi kuwa ba ta shiga layinmu da damina, saboda taɓo. Abin da muka dogara da shi, bayan Allah, shi ne tsohuwar motar Baba, fara, wadda ya saya tun yana kan aiki.

Wata ranar Asabar da safe Baba ya tayar da ita, ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya sake murza makulli, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Na buɗe bonet, na cire tiyon da ke kai fetur kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, na ce ya sake murzawa. Ko ɗigo bai fito ba, alhali tanki na da mai. Nan na gane famfon mai ne, wato ɗan abin nan mai kama da murfin tukunya biyu a kife da juna, da ke maƙale a gefen inji, wanda aikinsa shi ne zuƙo fetur daga tanki ya tura gaba.

Ni da Baba muka zaga masu sayar da kayan mota a Kakuri da Makera a wannan ranar. Zamani ne da kayan waje suka yi wuya. Shago uku babu, na huɗu yana da guda ɗaya sabo a kwalinsa. Da mai shagon ya faɗi kuɗin, Baba ya juya kwalin a hannunsa, ya karanta abin da ke jiki kamar amsa na nan a rubuce, ya mayar. Da muka fito ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Kusan abin da na ajiye na asibiti ke nan."

A hanyar komawa na ce masa zan iya gyarawa. Ban san abin da ya sa na faɗa da irin wannan ƙarfin ba. Ko kuma na sani: wata da watanni ina cin tuwon gidan ban kawo ko gishiri ba.

Ranar Lahadi na shimfiɗa tsohuwar jarida a tsakar gida, na kwance famfon daga jikin inji, na cire sukurori shida da suka haɗa sama da ƙasa, na jera su yadda na cire su. A tsakiya akwai wata roba mai zagaye kamar faifai, ja-ja, mai zaren yadi a cikinta. Makanikai na ce mata dayafaram. Ita ce ke yin sama da ƙasa idan inji na juyawa, ta zuƙa ta tura. Na ɗaga ta ga rana, na ga tsaga a gefe, tsawon farcen babban yatsa. Na ji daɗi ƙwarai, domin matsalar a fili take. Roba ta yage, a sa wata.

Na je wurin mai facin taya a bakin titi, ya ba ni guntun tsohon tub kyauta. Na wanke shi, na shanya. Na ɗauko akwatin lissafina na makaranta, na auna faɗin tsohuwar robar ta fuska huɗu, na ɗauki matsakaici. Na zana da kamfas, na raba zagayen gida shida daidai don ramukan sukurori, na yanka da sabuwar reza, na huda da ƙusa mai zafi. Da na ɗora sabuwa a kan tsohuwa, babu inda ɗaya ta leƙo. Duk wannan yana cikin littafina, da lambobinsa, kuma har yau ban ga kuskure a awon ba.

Ranar Litinin da safe na mayar da famfon. Wajen ɗaure sukurorin, ɗaya daga cikinsu ya riƙa juyawa da sauƙi fiye da 'yan uwansa, alamar zaren ramin ya fara cinyewa, sai na tsaya da shi a inda ya kama. Baba ya murza makulli. A karo na uku motar ta tashi. Inna ta yi guɗa daga bakin murhu. Yaya ta fito tana dafe da ƙugu, ta ce, "Ashe dai karatun nan ba na cin tuwo ba ne kawai."

Baba ya bar injin yana aiki, ya fito ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Za ta kai yayarka asibiti?"

Na ce, "Za ta kai, Baba."

Ya ce, "To, madalla. Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin ya faɗa mini haka a kan wani aiki da na yi da hannuna ba.

Da rana na ce zan zaga da motar in gwada ta. Gaskiya kuwa so nake in nuna wa makaniken Baba abin da na yi. Mutumin kudu maso gabas ne, ya daɗe a Kakuri, garejinsa a gindin wani mangwaro yake, kuma tun ina sakandare yake kirana Farfesa. Hausarsa irin ta Kakuri ce, gauraye da Turancin kasuwa. A nan na daidaita ta kaɗan. Na same shi kwance a ƙarƙashin wata tasi. Na ba shi labari dalla-dalla, har da kamfas, na miƙa masa ragowar tub ɗin da na yanka daga ciki. Ya fito, ya ja robar da hannu biyu, ya shinshina.

Ya ce, "Farfesa, ka ba ta fetur ta sha?"

Na ce, "Ban gane ba, Oga."

"Kafin ka sa. Ka jiƙa ta a fetur ta kwana?"

Na ce a'a, amma awon ya fita daidai, ko rabin milimita bai kuskure ba.

Ya yi dariya har yana dafa tasin. Ya ce wa direban da ke zaune yana jira, "Ka ji ko? Ya auna wa akuya riga daidai, bai tambaya ko za ta ci rigar ba." Sannan ya daina dariyar. Ya ce, "Tub na iska ne. Fetur na cin sa. Mu nan duk robar da ba mu sani ba, sai ta kwana a gwangwanin fetur tukuna. In ta tashi yadda ta kwanta, mu sa. In ta kumbura, bola."

Na tambaye shi kwana nawa za ta yi. Ya ce shi bai taɓa sa wa mota tub ba balle ya ƙirga. Wataƙila wata, wataƙila gobe. Ya ce idan ta yage, ko motar ta tsaya cik, ko fetur ya gangara cikin baƙin mai ya lalata inji, saboda haka kullum in zaro sandar auna baƙin mai in shinshina. Na ce ko yana da tsohuwar dayafaram mai kyau. Ya ce babu a hannu, sai in an yanka wata mota irin tamu don sayar da kayanta, amma zai sa ido. Ya taɓa sukurun nan mai laushi da sukudireba, ya ce kada in yi ta buɗe famfon ina rufewa, in zaren ya gama cinyewa famfon duka ya tashi aiki. A ƙarshe ya ba ni aron galan da dogon tiyo, ya nuna mini yadda ake ɗaure galan a kan rufin mota, a zuƙo fetur da baki, a sa tiyon kai tsaye a kafireta, mai ya riƙa gangarowa da kansa ba da famfo ba.

Da zan tafi na ce, "Oga, don Allah kada Baba ya ji."

Ya ce, "Wane Baba? Ni ban ma san gidanku ba." Shekara goma yana gyara motar a ƙofar gidanmu.

A wannan yammacin na yanko ɗan murabba'i daga ragowar tub ɗin, milimita talatin kowane gefe, na sa a gwangwanin madara, na zuba fetur, na ɓoye a bayan tankin ruwa. Na yi gwajin da ya kamata in yi da farko, amma a lokacin da sakamakonsa ba zai iya komai ba sai hana ni sukuni.

Littafina ya ce: Talata, milimita talatin da uku. Laraba, talatin da shida, ta yi laushi. Alhamis, talatin da bakwai, gefunan sun lanƙwashe, fetur ya yi duhu. Kowace safiya bayan salla nakan tsuguna a bayan tanki da rula, sannan in je in buɗe bonet in shinshina baƙin mai. Warin fetur babu. Nakan gaya wa kaina cewa ta cikin famfo a matse take ta ko'ina, kuma fuska ɗaya ce kawai ke taɓa fetur, ba kamar ta gwangwani da ke nutse ba. Sannan in tuna cewa ta gwangwani a kwance take tana hutawa, ita kuwa waccan sama da ƙasa take yi duk lokacin da inji ke juyawa. Haka nake juya hujjojin nan biyu har rana ta take.

Mai karatu zai ce, me ya hana in yanka sabuwa duk bayan kwana biyu, tunda tub kyauta ne? Dalilin da na ba kaina shi ne sukurun nan mai laushi, kuma dalili ne na gaskiya. Amma akwai na biyu, wanda na fi zaton shi ne ya yi nasara. Tun da aka sallami Baba, a kan kujera yake wuni a ƙofar gida, kusa da motar, da rediyonsa. Kwance famfon a gabansa daidai yake da in ce masa na yi ƙarya ranar Litinin. Sau biyu na zo na tsaya kusa da kujerar da niyyar faɗa masa. A karo na biyu ya ɗaga kai ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, hadari nake dubawa."

Yaya ce ta lura. Ranar Alhamis tana zaune a tabarma tana ninke 'yan kayan jarirai, ta ce, "Kai kuma me ya same ka? Ni ke da ciki, kai ke rama."

Na ce zafin neman aiki ne.

Ta ce, "Ka ci abinci, direba. Ba na son ka sume mini a kan gada." Ta yi dariya, ta ci gaba da ninki. Can ta ce, a hankali, "Wannan karon dai akwai mota a ƙofar gida. Shi ya sa nake iya barci."

Ranar Juma'a abubuwa biyu suka faru, kuma dole in faɗe su da kulawa, domin a kansu duk shakkata ta rataya. Na farko, da safe na tarar an matsar da gwangwanin daga bayan tanki zuwa gindin katanga, an rufe shi da fasasshen faranti. Inna ta ce mini daga baya ita ba ta tuna ta taɓa shi ba, amma ta ce in ta ga fetur kusa da murhu ba za ta bar shi ba. Na biyu, Baba ya ce zai je masallacin Juma'a da mota, shi kaɗai, ni in tafi na kusa da ƙafa don kada a bar mata su kaɗai da daɗewa. Ya saba dawowa kafin ƙarfe uku. A ranar sai bayan la'asar ya shigo. Ya ce ya tsaya gaisuwar wani tsohon abokin aikinsa a Makera. Makera kuwa maƙwabciyar Kakuri ce. Awon wannan ranar da na Asabar suna kan shafin da fetur ya ɓata.

Ranar Talatar da ta biyo baya, da hantsi, ana yayyafi, Inna ta fito daga ɗaki ta ce, "Tayar da mota." Ba ta ɗaga murya ba. Baba ya miƙo mini makulli, ya ce idonsa ba ya son ruwa a gilashi. Shi ya zauna gaba, Inna da Yaya a baya. Galan da tiyo suna cikin but, a ƙarƙashin buhu, inda na ɓoye su tun waccan Litinin da na karɓo su.

Motar ta tashi a murzawar farko. Na fitar da ita daga taɓon layinmu a giya ta biyu, muka hau kwalta. Har muka kusa gada babu abin da ya faru, sai dai ni kunnena ba ya kan komai sai inji. A bakin gada muka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ta lalace a can gaba, ana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Muna tafiya taku biyar mu tsaya. Ruwan kogi ya cika ya yi ja. Ta madubi na ga Yaya ta cusa fuskarta a kafaɗar Inna, ba ta yin ƙara, sai numfashi. Inna tana ta salati.

A tsakiyar gadar injin ya yi tari sau ɗaya, motar ta girgiza. Na taka kuloci, na danna totur, ya farfaɗo. Ban sani ba ko famfo ne, ko ruwa ne ya taɓa waya, ko ƙafata ce ta saki kuloci da wuri. A cikin kaina har na riga na fita, na buɗe but, na hau kan bonet da galan a cikin ruwa, Baba yana kallona, Yaya tana ƙirga mintoci kamar wancan karon. Na buɗe baki na ce, "Baba, akwai abin da..."

Ya ce, "Dubi gabanka. An matsa."

Na dubi gabana. Muka sauka daga gadar, hanya ta buɗe. Aka shiga da Yaya, kafin azahar ta haifi 'ya mace, da ita da jaririyar lafiya. Ni kuwa na koma wurin motar, na zauna a ƙasa na jingina da taya, ina nan zaune har wani mai gadi ya zo ya tambaye ni ko ni ma marar lafiya ne.

A makon suna motar ba ta huta ba. Ta ɗauko rago, ta ɗauko baƙi daga tasha, wani lokaci ni ke tuƙi, wani lokaci Baba, wani lokaci ban ma san inda ta je ba. Bayan suna kuwa ta koma ƙofar gida ta tsaya, Baba na zaune kusa da ita. Sai bayan Yaya ta yi arba'in, ranar da Baba ya raka ta garin mijinta a motar haya, na samu gidan ba kowa a ƙofa. Na kwance famfon, ina lallaɓa sukurun nan, na raba shi biyu.

Robar da na tarar ba tawa ba ce. Ja-ja ce, mai zaren yadi, tsohuwa amma lafiyayya, irin wadda ake cirowa daga famfon motar da aka yanka.

Na tafi Kakuri a ƙafa. Makaniken ya karɓi galan ɗinsa, ya saurare ni yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Farfesa, ka san mota nawa nake buɗewa a wata? Wadda ta zo jiya ma ban tuna ba. Motar babanka ce, ka tambayi babanka. Yaya jaririya?" Iyakar abin da na samu ke nan, kuma bayan shekara biyu ya koma garinsu.

Na tambayi Baba sau biyu. A karo na farko na faɗa masa komai, tub da gwangwani da galan, kaina a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yarinya ta zo lafiya, uwarta lafiya. Me kake nema a cikin famfo?" A karo na biyu, bayan wasu watanni, ya ƙara wa rediyonsa murya. Na uku kuma ba zai yi kyau daga ɗa zuwa uba ba.

Abin da na tabbatar shi ne an canja robar, kuma ba ni na canja ba. Lokaci biyu ne kawai za a iya yin haka: ranar Juma'ar da Baba ya daɗe a Makera, ko kuma cikin makon suna. Idan Juma'ar ce, to Baba ya ga gwangwanin, ya gane, ya gyara kuskurena a asirce, ya kuma bar ni kwana huɗu da tsorona, ko don horo ko don kada ya kunyata ni. Idan makon suna ne, to a kan guntun tub mai narkewa na ɗora yayata da abin da ke cikinta na bi da su ta kan kogi, ina sane, ban faɗa wa kowa ba, kuma ba wayona ne ya tsallakar da su ba. Na bi littafin shafi-shafi, na sake tambayar Inna da Yaya, babu abin da ya rinjayar da ɗaya a kan ɗaya.

Ranar Talatar nan, a tsakiyar gada, wace roba ce ke cikin famfon, tawa ko waccan?